Fentin ƙaramin jirgina ya fito kamar yashi: wace bindigar feshi zan saya, yaya kuma ake gamawa?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Na harhaɗa ƙaramin jirgin yaƙi na roba, Spitfire Mk.I na kamfanin Tamiya, mai ma'aunin 1/48. Na ari 'yar bindigar feshi, wadda ake kira eyaburosh, na gwada. Fentin ya fito da kaushi kamar an barbaɗa yashi, sitikun kuma suka yi fari-fari a gefe. Ina so in sayi nawa kayan. Me zan saya, kuma yaya ake yi jirgin ya fito kamar na gaske?"

Ɗan'uwa, kafin ka ɗora wa bindigar da ka ara laifi, ka sani cewa matsalolin nan biyu uwa ce da 'yarta. Fentin ya bushe ne a cikin iska kafin ya isa jikin jirgin, sai ya sauka a matsayin gari maimakon ruwa. Da ka ɗora sitika a kan wannan garin, sai ta zauna a kan tsinin ƙwayoyinsa, iska ta maƙale a ƙarƙashinta, haske ya riƙa dawowa daga wurin. Farin da kake gani ke nan. In ka kashe uwar, 'yar ba za ta zo ba. Abin da ke kashe ta kuwa daidaita abu uku ne: kaurin fenti, ƙarfin iska, da tazarar da ke tsakanin bakin bindiga da jirgi. Bindiga mai tsada ba ta yi maka wannan aikin, hannunka ne zai koya.

Duk da haka, mu fara da kayan, tunda saye za ka yi.

Nemi bindiga mai kofi a sama, wadda kunamarta ke aiki biyu: in ka danna ƙasa iska ta fito, in ka ja baya allura ta matsa fenti ya biyo. Kofin sama ya fi dacewa da aikinmu saboda fentin gangarowa yake da nauyinsa, ba sai iska mai ƙarfi ta zuƙo shi daga kwalba ba, don haka za ka iya aiki da iska kaɗan da ɗigo huɗu ko biyar na fenti. Faɗin nozul, wato ɗan ramin bakin bindiga da fenti ke fita ta cikinsa, shi ne abu na biyu. Don jirgin 1/48 da 1/72, milimita 0.3 zuwa 0.4 shi ne tsaka-tsakin da zai yi maka kusan komai. Iwata Eclipse HP-CS tana da 0.35, Procon Boy PS-289 ta GSI Creos tana da 0.3, Harder & Steenbeck ta Jamus na sayar da wasu samfuranta da nozul biyu, 0.2 da 0.4, Badger Patriot 105 ta Amurka kuma tana zuwa da 0.5. Kada ɗokin siririn layi ya sa ka fara da 0.2. Tana toshewa da wuri, musamman da fentin ruwa, kuma a busasshiyar iska irin tamu sai ka kwana kana goge allura. Wanda ya iya sirka fenti zai zana layi siriri kamar na fensir da 0.3.

Akwai marasa suna masu araha da ake haɗawa da kwamfuresa a kwali ɗaya. Suna fesawa, kuma don koyo da fesa fentin shimfiɗa ba su da laifi. Inda suke gazawa shi ne robar da ke riƙe allura a ciki, wadda tina, wato ruwan sirka fenti, ke kumbura ta in mai zafi ce, da zaren nozul mai laushi da ke karyewa in an ɗaure da ƙarfi. Masu kyau Teflon ake sa musu a wurin. Kafin ka biya kuɗin kowace iri, tambayi ko za ka samu allura da nozul nata daban, ka kuma sayi guda-guda ka ajiye tun ranar farko. Allura ɗaya ce za ta lanƙwashe ta tsayar maka da aiki wata guda kana jiran saƙo daga waje.

Kwamfuresa kuwa, a ganina, ta fi bindigar cancantar kuɗinka. Ƙananan nan na masu kwalliya da masu ado a kan kek, waɗanda ba su da tanki, iskarsu bugawa take kamar numfashin mai gudu, kuma ba a iya saita ta yadda ya kamata. Nemi mai fistin wadda ba ta amfani da mai, mai tankin lita 3, irin wadda ake sayarwa da lambar AS-186 a ƙarƙashin sunaye daban-daban. Tana cika tanki zuwa wajen bar 4 a ma'aunin ƙarfin iska ta kashe kanta, in ya sauka wajen bar 3 ta sake tashi. Tankin yana daidaita iskar, yana ba injin hutu, in an ɗauke wuta kuma yana ba ka 'yan daƙiƙun da za ka ƙarasa layin da kake kai ka fesar da abin da ke cikin kofi. Dole ta zo da maɓallin rage iska, da geji, da 'yar kwalbar da ke tare ruwa. Duba takardar jikinta ka tabbata ta wutar 220 zuwa 240 ce. Wadda aka yi don Amurka ta 110 ce, tana shiga soket ɗinmu za ta ƙone. Wani abu da mutane ke mantawa: ana karanta geji ne yayin da aka danna kunama iska na fita, domin allurar gejin tana faɗuwa kaɗan da zarar an danna. Akwai wani ma'aunin ƙarfin iska da ake kira psi, bar ɗaya daidai yake da psi 14.5.

Sai takunkumi. Wanda ake sawa don ƙura ko na asibiti ba ya tare tururin tina. Ana bukatar mai kwanso biyu a gefe, mai gawayi a ciki, wanda aka yi don tururin fenti, irin mai alamar A1P2 ko A2P3. Yi aiki kusa da taga, fanka na tura iskar waje, kuma nesa da risho, tukunyar gas da janareta, don tururin tina yana kama wuta.

Yanzu ga zuciyar maganar, wato fenti. Gida huɗu ne, kuma haɗa 'yan gida daban a kofi ɗaya shi ke jawo yawancin ɓacin rai. Akwai akirilik na Tamiya, masu lambar X don mai sheƙi da XF don mara sheƙi, wanda tushensa sifirit ne. Ana sirka shi da tinar Tamiya mai lamba X-20A, amma ya fi kwanciya lumui da Mr. Color Leveling Thinner. Akwai dangin Mr. Color, masu zafin tina, 'yan uwan fentin mota. Su suka fi kama roba, suka fi jure salatif, suka kuma fi wari. Akwai akirilik na ruwa zalla kamar Vallejo Model Air, mara wari sosai, amma mai saurin bushewa a kan allura, kuma mai saurin ɓarewa in ba a ba shi kwana guda ba. Shi wannan, in ka zuba masa sifirit ko tinar Tamiya, sai ya dunƙule kamar kindirmon da ya tsinke ya toshe nozul. Nasa ruwan sirki kawai yake so. Na huɗu shi ne inamel, kamar Humbrol, mai kwanciya da kyau amma mai cin kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya bushe. Ga mai farawa da Spitfire, Tamiya da Leveling Thinner ne shawarata. Tinar masu fentin mota da ake aunawa a kwalba kuwa, ka bar ta don wanke bindiga kaɗai. Ta yi zafi da yawa, tana iya narka fuskar robar jirgin ta yamutsa ta.

Yawan sirki: fenti kashi ɗaya, tina kashi ɗaya da rabi zuwa biyu, don rufe jiki. Ka auna da sirinji ko ka ƙirga ɗigo, ka haɗa a wani ɗan murfi daban, ba a cikin kofin bindiga ba, domin fenti mai kauri kan riga tina gangarawa ya zauna a bakin nozul. Gwajin ido shi ne ka ɗebo ɗigo da tsinke ka shafa a bangon murfin. In ya gangara da sauri ya bar launi siriri a bayansa kamar madarar shanu, ya yi. In ya tsaya yana jan jiki kamar koko, ƙara tina. In ya wuce bai bar komai ba, ya tsinke da yawa. Da wannan kaurin, saita iska a psi 15 zuwa 18, ka riƙe bindiga santimita 6 zuwa 8 daga jirgin. Don siririn aiki, fenti ɗaya tina uku ko huɗu, iska psi 10 zuwa 12, tazara santimita 1 zuwa 2, kana jan kunama kaɗan ƙwarai.

Waɗannan alƙaluma na ɗakin da iskarsa ke da ɗan laima ne, irin na waɗanda suka ƙera fentin a Japan da Turai. A Kano ko Zinder cikin hunturu, ko cikin zafin watan Afrilu da ma'auni ke haura 40, tina na tashi kafin ta yi tafiyar santimita takwas ɗin nan. Nan ne yashinka ya fito. Maganinsa huɗu ne, kuma tare suke tafiya: ƙara tina, rage iska, matso kusa, sa ruwan jinkirta bushewa. Tamiya na da Paint Retarder, kuma kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na fentin, in ya wuce sai fentin ya yini yana danƙo. Leveling Thinner ta riga ta zo da nata a ciki, shi ya sa na zaɓe ta. Ka kuma zaɓi lokaci: bayan asuba zuwa hantsi, kafin rufin kwano ya ɗau zafi. Alamar da za ka bi ita ce, inda fentin ya sauka ya yi ɗan ƙyalli na jiƙa na daƙiƙa biyu ko uku kafin ya dushe. In yana sauka a dushe, a bushe yake sauka.

Akwai wurin da yashin ke taruwa ko da komai ya daidaita, wato kusurwar da fiffike ya haɗu da gangar jiki. Iska na shiga lungun ta yi guguwa, ta juya ƙwayoyin fenti har su bushe. Fara fesa wannan lungun da iska kaɗan, kusa-kusa, kana bin tsawonsa, kafin ka koma filin fiffike. Jirginka na yanzu ma bai lalace ba. Bar shi ya kwana biyu, ka jiƙa sanfefa mai soso lamba 2000 ko 3000 ka shafa a hankali har kaushin ya kwanta, ko ka goge da tsohuwar riga ta auduga in kaushin kaɗan ne.

Damina na da nata halin. Iskar da aka matse tana sakin ruwa in ta huce a cikin tiyo, sai kana tsakiyar aiki bindiga ta tofa ɗigon ruwa a kan fiffike. Ka riƙa zubar da ruwan kwalbar tarewa kafin kowane zama, ka kwance noti na ƙasan tanki lokaci-lokaci ruwan ya fita don kada tsatsa ta ci shi, ka kuma ƙara ƙaramar matatar ruwa a gindin bindigar. A ranar da hadari ya haɗu iska ta yi nauyi, kada ka fesa fenti mai zafi ko banish, wato fenti mara launi da ake rufe aiki da shi. Tina mai saurin tashi tana sanyaya fuskar fentin, laima ta kwanta a kai, sai ya yi hazo fari.

Hannu kuma yana da ƙa'ida ɗaya da ba ta canzawa: iska ce ta farko, ita ce ta ƙarshe. Danna iska a gefen jirgi, ja fenti, wuce, saki fenti, sannan ka saki iska. Wanda ya saki duka lokaci ɗaya yana barin ɗigo a bakin allura, wanda dannawa ta gaba za ta watsa a kan aikinsa. Hannu kada ya tsaya wuri ɗaya. In ka ga fenti na bajewa da ƙafafu kamar gizo-gizo, ya tsinke da yawa, ko ka matso da yawa, ko ka ja kunama fiye da kima. In feshin na yankewa yana dawowa, duba tsinin allura, za ka ga busasshen fenti ya naɗe shi. Goge da auduga mai tsinke da aka jiƙa da tina. In kofi na kumfa, iska ce ke komawa baya, wato nozul bai zauna daidai ba, ko murfin gaba ya saki, ko bakin nozul ya tsage. Ɗan kakin zuma a kan zaren murfin kan toshe ƙaramar ɓaraka. In fenti na fita tun kana danna iska kawai, allura ba ta kai ƙarshe ba, ko wani busasshen abu ya tokare ta. In feshin ya karkata gefe ɗaya, tsinin ya lanƙwashe. Sayi cokulan roba farare masu yawa ka yi ta gwaji a bayansu kafin ka taɓa jirgi.

To, ga yadda za ka bi da Spitfire ɗin daga farko. Wanke sassan da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwano, don maiƙon masana'anta da na yatsu na hana fenti kamawa. Mazaunin matuƙi ake fara fesawa kafin a rufe gangar jiki, da kore mai toka-toka na cikin jiragen Ingila. Tamiya XF-71 na yin wannan aikin. Bayan haɗawa, cike tsagar haɗi da foti, ka goge da sanfefa 600, sannan 1000, sannan 1500. Manna murfin gilashi da farin gam na katako, domin tururin sufa gulu na sa gilashin ya yi hazon da ba ya fita. Rufe gilashin da salatif ɗin takarda, ka fara fesa masa koren ciki, don shi za a hango ta ciki, kafin launin waje ya hau.

Fentin shimfiɗa ba abin tsallakewa ba ne. Mr. Surfacer 1200 ko Mr. Finishing Surfacer 1500, kashi ɗaya da tina kashi biyu, shi ke ba fenti abin kamawa, shi ke kuma tona asirin duk tsagar da ka ɗauka ta ɓace. Lamba mafi girma ita ce mafi laushi. 500 don cike rami ne, ba don fesawa a jiki duka ba. Mai ruwan toka ya fi sauƙi. Baƙi kuma yana buɗe wata hanya da nake ganin ta fi kowace kyau ga jirgin yaƙi. A kan baƙin, sai ka ɗauki launin jirgin a tsinke, ka matso kusa, ka yi ta zana ƙananan murɗe-murɗe a cikin kowane faifan jiki, ba tare da ka rufe baƙin duka ba, har wurin ya zama dabbare-dabbare kamar jikin zabo. Sannan ka ƙara tsinka launin, ɗaya da huɗu, ka ja baya kaɗan, ka yi ta shimfiɗa siririn mayafi a kai. Tsaya tun kana ganin inuwar dabbaren, domin banish da sauran matakai za su ƙara dusar da shi. Abin da wannan ke bayarwa shi ne launin da ba shi da kai ɗaya, kamar ƙarfen da rana da ruwa da hannun makanikai suka taɓa.

Spitfire na tsakiyar 1940 launi uku ne: cikinsa launin da Turawan Ingila suka kira Sky, wani fari mai ɗan kore, wanda aka koma wa daga watan Yunin shekarar, samansa kuma ruwan ƙasa da kore mai duhu. A kwalaben Tamiya, XF-21, XF-52 da XF-81 ke nan. Ana farawa da mai haske a ƙare da mai duhu: ciki, sannan ruwan ƙasa, sannan kore. Tsakanin kowane launi da salatif, bar Tamiya ya kwana. Kafin ka manna salatif, liƙa shi a bayan hannunka sau biyu ya rage danƙo, in za ka cire kuma ka ja shi a kwance yana komawa kan kansa, ba tsaye ba.

Iyakar kore da ruwan ƙasa ita ce inda masu sabuwar bindiga ke zarcewa, don suna son a ga laushin feshi. Yi lissafi. Fiffiken Spitfire daga tsini zuwa tsini mita 11.2 ne, a 1/48 ya zama kamar santimita 23. Hazon milimita 2 a kan ƙaramin jirgi daidai yake da kusan santimita 10 a kan na gaske, alhali hotunan jiragen lokacin na nuna iyaka mai kaifi sosai. Don haka ka murza Blu-Tack, ɗanƙon nan mai laushi da ake manna takarda a bango da shi, ya zama siririyar igiya mai kaurin milimita 2 zuwa 3, ka bi zanen da ita, ka cike bayanta da salatif, ka fesa kai tsaye daga sama. In ka karkata bindiga ta leƙa ƙarƙashin igiyar, iyakar za ta yi kaifi a wani wuri ta yi laushi a wani. Dabarar nan za ta yi maka aiki ranar da ka samu Alpha Jet na kamfanin Kinetic a 1/48 kana son yi masa kalar rundunar sojin saman Najeriya. Sai dai ka nemi hoton ainihin jirgin da kake kwaikwayo ka bi shi.

Sitika na son wuri mai santsi. Fesa banish mai sheƙi na Tamiya, X-22, ɗaya da biyu da Leveling Thinner, siriri sau ɗaya, sannan mai ɗan jiƙa sau ɗaya ko biyu, ka bar shi kwana guda a ƙarƙashin robar ajiye abinci da aka kife. Kifewar nan wajibi ce a hunturu. Ka kuma yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin kafin ka fara, ƙura ta kwanta. Yanke kowace sitika daban, tsoma ta a ruwan ɗumi daƙiƙa 10, ka ajiye a kan tawul ɗin takarda har ta fara zamewa da kanta. Shafa ruwan kama sitika, Micro Set ko Mr. Mark Setter, a wurin, zame sitikar daga takardarta zuwa jiki, ka mirgina auduga mai tsinke daga tsakiya zuwa gefe, ruwa da iska su fita. Bayan wasu mintoci sai ka shafa ruwan tausasa sitika, Micro Sol ko Mr. Mark Softer, a kai. Za ka ga ta yamutse kamar fatar tsohuwa. Kada ka taɓa ta. A wannan halin ta yi laushi kamar fenti, yatsa ɗaya zai yaga ta. Da safe za ka tarar ta miƙe ta shige cikin tsagogin jiki. Sitikun Tamiya na da ɗan kauri, sukan bukaci shafawa biyu ko uku. Inda fari ya rage, huda shi da tsinin sabuwar reza sau da yawa, ka ɗiga ruwan laushin ya shiga. Kada Mark Softer ya taru ya kwanta a kan fenti, yana barin tabo. In sun bushe, goge saurar gam da ɗanyen tsumma, ka sake fesa X-22 siriri a kai.

Tsufar da jirgi na tafiya ne a kan doka ɗaya: abin da ke sama kada tinarsa ta narka abin da ke ƙasa. Shi ya sa ake zuba inamel ko fentin mai a kan banish na akirilik. Tamiya Panel Line Accent Color, ko fentin mai na masu zane da aka tsinka da tafentain mara wari, ana ɗiga shi da siririn burushi a tsaga, ya bi ta da kansa. Bayan minti 15 zuwa 20 ka goge abin da ya fita da auduga mai ɗan damshin tina, kana bin hanyar iska daga gaba zuwa baya. Baƙi ƙirin na sa jirgi ya zama kamar taswira; ruwan ƙasa mai duhu ya fi a sama, ruwan toka a ciki. Kada tinar inamel ta taru a gindin ƙafafun taya ko wurin da aka matse da gam, tana sa roba ta yi gautsi ta karye.

Ɓarewar fenti kuma sai an san jirgin. Matuƙin Spitfire ta hagu yake hawa, don haka gindin fiffiken hagu ne takalma suka fi ci. Sai gefen murafen inji da na bindigogi, inda ake kwancewa kullum. Tsoma ɗan gutsuren soso a fentin azurfa, ka dangwala a takarda har ya kusa bushewa, sannan ka taɓa wuraren, ko ka yi amfani da fensir mai launin azurfa. Amma a Mk.I, sassan wutsiya masu motsi da na bayan fukafukai ta wajen tsini yadi aka lulluɓe su da shi, ba ƙarfe ba, don haka azurfa ba ta da abin yi a can. Bakunan bindigoginsa takwas akan liƙe su da jan ƙyalle kafin tashi, harsashi ya huda shi in an yi harbi. Hayaƙin salansa ana yin sa da fenti ɗaya tina tara, baƙi da ruwan ƙasa a haɗe, psi 10, ana wucewa sau goma ko fiye har ya taru, yana bin lanƙwasar iska a gefen jiki. A tsakiyarsa kusa da salansa sai a ƙara ɗan toka mai haske, wanda dalmar da ke cikin man jirgin ke bari. Ƙarƙashin inji kuma jirwayen baƙin mai ne da iska ta ja baya.

Banish na ƙarshe: XF-86 mara sheƙi, ko a gauraya shi da X-35 don ɗan ƙyalli kaɗan, wanda ya fi kama da fentin jirgi na gaske fiye da dushewar alli. Kula da kwalbar X-21. Ba banish ba ce, garin kashe sheƙi ne da ake zubawa a cikin wani fenti. Wanda ya fesa ta ita kaɗai zai ga jirginsa ya yi fari kamar an tsoma shi a toka. Ko XF-86 ɗin ma, in an fesa da kauri ko daga nesa, yana yin furfura. Siriri sau biyu ya isa. In fentin mai ka yi amfani da shi, ba shi kwana biyu ko uku kafin banish. Sannan ka bi gefen salatif ɗin gilashi da tsinin reza kafin ka ɗaga, don kada ya taho da fentin firam.

In wata rana ka koma jirgin da ba a yi wa fenti ba, mai jikin azurfa irin P-51 Mustang ko MiG-21, ka sani azurfa ba ta rufa wa kowa asiri. Kowane ƙarce zai fito, sai an goge roba har lamba 3000 ko fiye, an shimfiɗa baƙi mai sheƙi, sannan a fesa fentin azurfa irin su Alclad II a psi 12 zuwa 15, siriri ƙwarai.

Wanke bindiga kuwa a take ake yi, kafin a tashi daga kujera. Zubar da ragowar fenti, goge kofi, zuba tina ka fesar har ta fito fes. A ƙarshen zama, kwance notin baya ka zaro allura ka goge daga gindi zuwa tsini, kana juya ta. In samfurinka na bari, cire nozul ka fitar da allurar ta gaba, don kada ta ja fenti zuwa cikin jikin bindiga. Kada ka jiƙa bindigar dungurungum a tina, robobin bawul ɗin iska za su kumbura kunama ta riƙa maƙalewa. Ruwan goge gilashi mai ammoniya yana cin farin rufin cikin kofi, ka nisance shi. Wajen mayar da allura, tura ta a hankali har ka ji ta taɓa, ka tsaya nan. Ƙarin turi ɗaya ne ke buɗa bakin nozul ya tsage. Nozul mai zare da yatsa ake fara ɗaura shi, 'yar sifanar da ta zo da shi ta ƙara masa ɗan juyi kaɗan, sannan ka mayar da murfin da ke kare tsinin allura kafin ka ajiye.